Gyaran bakin kogi yana farfaɗo da ƙwaryar birni, ko kwalliya ce kawai?

Malam Auwal:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma tunda a cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da waɗanda suka san harkar kuɗin hukuma, na ga ya dace in kawo ta nan. Yawancin manyan biranen duniya a bakin ruwa aka kafa su, amma da zamanin masana'antu ya zo sai aka cika gaɓar kogi da ɗakunan ajiyar kaya da layin dogo, daga baya kuma aka shimfiɗa manyan tituna a kai, har birni ya wayi gari ya juya wa koginsa baya. Yanzu da ciniki ya ƙaura zuwa sababbin unguwanni, ƙwaryar birni kan zama tamkar kufai da zarar ma'aikata sun tashi daga aiki, sai hukumomi suka dawo suna neman magani a wurin kogin da suka yi watsi da shi.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Rafin Cheonggyecheon da ya ratsa tsakiyar birnin an fara rufe shi da kankare tun 1958, sannan aka ɗora masa gadar sama wadda aka kammala a 1976. A watan Yulin 2003 magajin garin na lokacin, Lee Myung-bak, ya sa aka fara rushe gadar, kuma kafin ƙarshen 2005 an buɗe rafi mai tsawon kilomita 5.8 da hanyoyin masu tafiya a ƙasa a gefensa biyu. A yau wurin ba ya rabuwa da jama'a dare da rana, shi kuma mai aikin ya zama shugaban ƙasa a 2008. Abin da nake son mu tattauna shi ne, wurin shaƙatawa a bakin ruwa shi ne ke dawo da rai cikin ƙwaryar birni, ko kuwa ran ta wata hanya yake dawowa, lambun ya ci albarkacinsa? Ni dai na fi karkata ga na farko.

Injiniya Balarabe:
Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Kafin mu kai ga bishiyoyi da kujerun zama, bari in fara da ruwan kansa, domin shi ne mai gidan. Ruwan da kake gani yana gudu a Cheonggyecheon ba nasa ba ne. Rafin a ɗabi'arsa yakan kusan ƙafewa idan ba lokacin damina ba, saboda haka da injina ake turo masa kimanin tan 120,000 na ruwa a kullum, akasari daga kogin Han, sauran kuma daga ruwan ƙasa da ke tsatsowa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ban faɗi haka don in rage wa aikin daraja ba, sai don a san cewa duk birnin da ya kwaikwayi hotonsa ya ɗauki nauyin kuɗin wuta da gyaran injina har illa masha Allahu.

Sai kuma ambaliya. Wanda ya karanta tarihin San Antonio ta jihar Texas a Amurka zai ga cewa shahararriyar hanyar bakin koginta daga bala'i ta samo asali. Ambaliyar watan Satumban 1921 ta kashe mutane kimanin 50 a birnin, aka gina madatsar Olmos, aka haƙa wa ruwa hanyar ratse, aka sa ƙofofin da ke killace lanƙwasar kogin da ke tsakiyar gari. Bayan an tsare ruwan ne zanen hanyar bakin kogi da mai zanen gine-gine Robert Hugman ya gabatar a 1929 ya samu wurin zama, aka gina shi tsakanin 1939 da 1941. Wannan jerin shi ne daidai a wurina, a fara sanin inda ruwa zai kai a ranar da ya fi kowace rana cika, sannan a yi maganar inda za a dasa fure.

Hajiya Rabi:
Ni ba injiniya ba ce, amma ina da abin da na gani da idona. Shekarun baya na kai mahaifiyata wani birni neman magani, masaukinmu kuma yana kallon wani sabon lambu da aka yi a bakin kogi. Daga taga abin gwanin sha'awa, ciyawa shar, an jera fitilu, an yi wa hanyar tafiya ado da duwatsu masu launi. Da yamma ta ce in kai ta ta sha iska. Muna fitowa muka tarar da titi mai layi shida tsakaninmu da lambun, an kuma kafa shingen ƙarfe a tsakiyarsa. Muka bi gefen titi kusan minti goma sha biyar kafin mu sami gadar masu tafiya a ƙasa, ita kuma matakala ce zalla, babu gangara, tsohuwa ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce mu koma. Washegari na je ni kaɗai don in kashe ƙwarƙwatar idona. Na ƙirga mutanen da ke ciki, ba su kai goma ba, kuma uku daga cikinsu masu ban ruwan ciyawa ne. A daidai wannan lokacin, ɗaya gefen titin, mutane na ta gogayya da juna a wata 'yar siririyar hanya da ko inuwa babu.

Saboda haka, Malam Auwal, a ganina abin da ya yi aiki a Seoul shi ne rushe gadar da ta raba unguwannin arewa da na kudu, ta yadda mai fitowa daga shago zai gangara bakin ruwa cikin minti biyu. Da an bar gadar an yi lambun a ƙarƙashinta, da ba mu san sunan wurin ba.

Lawan:
Hajiya, na ji labarinki kuma na tausaya, amma a yi wa titi adalci. Waɗannan motocin ba don nishaɗi suke bin hanyar ba, mutane ne masu zuwa aiki da masu kai kaya kasuwa. Gadar Seoul da titin ƙarƙashinta suna ɗaukar motoci sama da 160,000 a rana kafin a rushe su. Ana yawan yabon birnin Portland na Amurka da cewa ya rufe titin Harbor Drive a 1974 ya mayar da wurin lambu a bakin kogin Willamette, wanda aka buɗe a 1978 kuma yanzu yake ɗauke da sunan gwamna Tom McCall. Abin da masu yabon ba su cika faɗa ba shi ne, sai da aka gama wasu manyan hanyoyi biyu da za su kwashe motocin sannan aka iya rufe shi, ɗaya daga cikinsu ma tana nan kwance a ɗaya gaɓar kogin har gobe. An gyara gaɓa ɗaya, an sadaukar da ɗaya.

Madrid ta Sifaniya kuwa binne titin ta yi. Tsakanin 2004 da 2007, zamanin magajin gari Alberto Ruiz-Gallardón, an tura ɓangaren titin M-30 da ke bin kogin Manzanares cikin rami, aka yi lambu a samansa wanda aka kammala a 2011. Ya yi kyau, ba musu, amma bashin da birnin ya ci ya sa ya zama wanda ya fi kowane birni bashi a ƙasar tsawon shekaru. Birane nawa ne za su iya wannan?

Dokta Maryam:
Malam Lawan, ka kawo hujja mai ƙarfi a kan Madrid, amma a kan Seoul ka tsallake rabin labarin. Ba a rushe gadar an bar mutane su san inda dare ya yi musu ba. A watan Yulin 2004, ana tsakiyar aikin, birnin ya sauya tsarin motocin bas ɗinsa gaba ɗaya, ya ware musu layi na kansu a tsakiyar manyan tituna, ya kuma haɗa biyan kuɗin bas da na jirgin ƙasa a kati ɗaya. Cunkoson da aka yi ta tsoro bai zo yadda aka yi hasashe ba, domin adadin motoci ba abu ne tsayayye kamar ruwa a tulu ba. Idan hanya ta ragu, wasu kan sauya lokacin fita, wasu su hau bas, wasu su haɗa tafiya biyu ta zama ɗaya.

Amma ba wannan ne ya sa na shigo ba. Ina so in koma kan San Antonio da Injiniya ya ambata, domin akwai darasin da ya shafi tambayar Malam Auwal kai tsaye. An gama hanyar bakin kogin a 1941, da gadojinta na dutse da matakalanta, sai ta zauna shiru sama da shekara ashirin. Gine-ginen da ke gefenta duk bayansu suka ba ta, ƙofofinsu na kallon titi, wurin ya yi ƙaurin suna har akwai lokacin da hukumomin soja suka hana dakarunsu zuwa can. Sai da aka shawo kan masu gine-gine suka buɗe ƙofofi ta ɓangaren ruwa, aka gina otal-otal gabanin baje kolin duniya na 1968, sannan wurin ya tashi. Lambun bai canza ba a tsawon waɗannan shekarun, abin da ke kewaye da shi ne ya canza.

Akasin haka ya faru a Baltimore, duk da dai can bakin tashar jiragen ruwa ne. A 1980 aka buɗe rumfunan kasuwanci na Harborplace, garuruwa da dama suka yi ta kwaikwayo, amma abin an gina shi ne domin baƙi masu yawon buɗe ido. Da ɗokin ya wuce shaguna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zuwa 2019 kotu ta miƙa wurin ga mai riƙon ƙwarya saboda bashi. Baƙo sau ɗaya yake zuwa a shekara, idan ma ya zo. Wanda ke riƙe wuri shi ne mazaunin da zai fito da yaransa ranar Talata da yamma ba tare da wani biki ba. Idan babu gidajen kwana a cikin tafiyar minti goma daga bakin kogin, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Malam Auwal:
Dokta, kin girgiza matsayina, na amsa. Sai dai in tambaye ki, ba lambun ne ke jawo masu gina gidajen ba? Wane mai jari ne zai gina bene yana kallon juji da tsofaffin ɗakunan ajiya?

Dokta Maryam:
Yana jawo su, kuma shi ya sa hukumomi da dama ke biyan kuɗin aikin da ƙarin harajin da suke sa ran samu idan darajar filaye ta tashi, ko da sayar da wani yanki na filin da aka gyara. Sai dai lambu ba ya sauya dokar gini. Idan dokar unguwar ta ce ofisoshi kaɗai za a gina, ko ta tilasta wa kowane bene ya ware hawa biyu na ƙasa don ajiye motoci, to abin da mai tafiya a bakin kogi zai gani shi ne bango da ƙofar gareji. Wannan gyaran a kan takarda ake yin sa, ba ya cin siminti ko buhu ɗaya, amma da wuya ka ga ɗan siyasa ya yi ɗokinsa tunda ba a yanka masa kintinkiri.

Barista Hauwa:
Ina bin maganar tun farko, kuma na lura ana ta cewa darajar filaye za ta tashi kamar alheri ne ga kowa. Gaɓar kogin da masu zane ke nunawa a taswira fari fat, kamar ba kowa, kusan kullum akwai masu kwana da masu neman abinci a kanta. A Ahmedabad ta jihar Gujarat a Indiya an fara aikin gaɓar kogin Sabarmati a 2005, aka fara buɗe shi a 2012, da katangun kankare da hanyoyin tafiya na kimanin kilomita 11 a kowane gefe. Iyalai wajen dubu goma aka tasa daga wurin. Sai da magana ta kai babbar kotun jihar kafin batun sake tsugunar da su ya tsaya da ƙafarsa, kuma da yawa daga cikinsu an kai su gidaje a gefen birni, nesa da inda suke wanki da dako da ƙananan sana'o'insu. Mutum ya sami ɗaki mai rufin kankare, ya rasa abin da zai biya kuɗin motar zuwa aiki.

Ko Seoul ɗin da muke yabo ba ta tsira ba. Masu kasa kaya a gefen titi an kwashe su zuwa tsohon filin wasa na Dongdaemun, daga baya aka rushe filin aka sake kwashe su. Masu shagunan kayan ƙarfe da na lantarki an yi musu alkawarin sabuwar kasuwa ta Garden Five a kudu maso gabashin birnin, da aka gama ta kuɗin shago ya fi ƙarfin yawancinsu. To idan aka ce ƙwaryar birni ta farfaɗo, ya kamata a tambaya ta farfaɗo wa wa. Shawarata a matsayina na lauya ita ce, a ƙirga mazauna da masu sana'a da sunayensu kafin a fitar da zanen farko, a kuma rubuta kason gidaje masu sauƙin haya cikin yarjejeniyar sayar da fili, domin bayan an sa hannu duk kukan da za a yi ihu ne bayan hari.

Lawan:
Barista, a nan muna tare. Amma kowane sharaɗi da aka ƙara wa mai sayen fili yana rage abin da zai biya, kuma da wannan kuɗin ake son gina lambun. Dole a zaɓi wanda za a rage wa.

Barista Hauwa:
Haka ne, kuma ni na zaɓi a rage duwatsun ado da maɓuɓɓugan ruwa masu rawa da fitilu.

Injiniya Balarabe:
Maganar Barista ta dawo da ni kan katanga, domin Sabarmati misali ne na tsohon tunaninmu na injiniyoyi, wato a matse kogi tsakanin bango biyu a sami fili. Kogin ma yakan bushe yawancin shekara, ruwan da ke kwance a wurin daga magudanar Narmada ake sako shi, madatsar Vasna ta tare shi. Ruwan da ba ya gudu kuwa, idan ƙazanta ta shige shi, nan take zama.

Akwai wani tunanin da ya fi kwanta mini. A 1995 kogunan Holan sun cika har aka kwashe mutane kimanin 250,000 daga gidajensu. Maimakon a ci gaba da ƙara wa jinga tsayi, sai ƙasar ta ɗauki manufar ba kogi fili. A Nijmegen, inda kogin Waal ya lanƙwasa ya kuma tsuke, an ja jingar baya da mita 350, aka haƙa wa ruwa reshe na biyu, sai tsibiri ya fito a tsakiyar birni wanda yanzu mutane ke shaƙatawa a kansa. Munich ta Jamus ta yi makamancin haka da kogin Isar tsakanin 2000 da 2011, ta fasa gaɓar kankare a tsawon kilomita 8 ta bar tsakuwa da gangara mai sauƙi. A Singafo, lambun Bishan da aka sake buɗewa a 2012 a da lambatu ne na kankare miƙaƙƙe, yanzu rafi ne mai lanƙwasa, kuma an gina wurin da sanin cewa ruwa zai hau ciyawar idan an yi ruwan sama mai yawa, shi ya sa aka sa na'urorin auna ruwa da jiniya da fitilun gargaɗi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Madrid. Bayan duk biliyoyin da Malam Lawan ya yi kuka a kansu, abin da ya dawo wa Manzanares da rai shi ne buɗe ƙofofin ƙananan madatsunsa a 2016. Ruwa ya ragu, yashi ya taru ya yi tsibirai, ciyayi da bishiyoyi suka fito da kansu, tsuntsaye da kifaye suka dawo. Masu wasan tseren kwalekwale sun yi ƙorafi domin sun rasa zurfin da suke buƙata, amma mafi yawan jama'a sun zaɓi kogin mai gudu.

Hajiya Rabi:
Injiniya, tunda ka ce a bar ruwa ya hau, wa zai kwashe lakar idan ya janye? A lambun da na ba ku labari, hanyar da ke can ƙasa kusa da ruwa laka ce ta bushe a kanta har ta tsattsage, ga robobi da rassan itace sun maƙale a jikin shinge, kuma da gani an yi watanni ba a taɓa ba. Banɗakin an garƙame shi da kwaɗo. Mace mai yara ko tsoho mai ciwon sukari ba za su yi awa ɗaya a wurin da babu banɗaki ba, kome kyawunsa. Haka kujerun, an jera su a fili suna kallon ruwa, bishiyoyin kuma 'yan dashe ne da ba su kai tsayina ba, ga alama an sare manyan da aka tarar don hanya ta miƙe.

Dokta Maryam:
Hajiya kin taɓo inda gizo ke saƙa. Kuɗin gini sau ɗaya ake nemansa, yawanci bashi ne ko tallafi daga gwamnatin tsakiya, amma kuɗin shara da gyaran fitila da albashin masu gadi daga kasafin kowace shekara yake fita, kuma shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi. Shi ya sa nake ganin hikimar birnin Paris na Faransa, wanda ya fara da gwaji mai arha. Tun 2002 ake rufe titin Georges-Pompidou na bakin kogin Seine na wasu makonni a lokacin zafi, a jera kujeru da laima, a ga ko mutane za su zo. Sun zo. Sai a 2013 aka rufe wani ɓangare na gaɓar hagu dindindin, a 2016 aka rufe na dama, aka sha shari'a, kotu ta soke matakin a 2018, magajiyar gari Anne Hidalgo ta sake fitar da wani umurnin da ya tsaya.

Babban kuɗin ma a ƙarƙashin ƙasa aka kashe shi, inda ba wanda ke gani. Tsofaffin magudanan birnin suna haɗa ruwan sama da na bahaya a bututu ɗaya, idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai su tumbatsa cikin kogi. An kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen gyara, har da wani katafaren rumbun ruwa kusa da tashar Austerlitz mai cin lita miliyan 50. Duk da haka a wasannin Olamfik na 2024 sai da aka ɗaga wata gasa da kwana ɗaya saboda ruwan sama ya ɓata kogin. A watan Yulin 2025 aka buɗe wuraren iyo uku ga jama'a, bayan haramcin da ya faro tun 1923.

Malam Auwal:
Na shigo da lambu a gaba, kun mayar mini da shi can baya, bayan magudana da titi da dokar gini da mazauna. Ban sauka gaba ɗaya ba, domin har yanzu ina ganin hoton lambun ne ke sa jama'a su yarda a kashe kuɗi a kan bututun da ba za su taɓa gani ba, kuma ba na jin mutanen Paris za su amince da wannan kashe kuɗin ba don alkawarin iyo ba. Injiniya, saura tambayar Hajiya da ba ka amsa ba, ta laka da banɗaki.

Injiniya Balarabe:
Afuwan, Hajiya, ban manta ba. Ana raba gaɓar hawa-hawa ne. Hawan ƙasa, wanda ruwa zai rufe kusan kowace shekara, ba a sa masa kome sai abin da za a iya wankewa da tiyo cikin kwana ɗaya ko biyu, wato daɓen dutse ko kankare mai ɗan gangara zuwa kogi, da kujeru masu nauyi da aka kafe, da itatuwan da ke jure tsayuwar ruwa, kuma dole a bar mashiga mai faɗin da ƙaramar motar kwasar laka za ta iya sauka. Shinge mai ƙananan ramuka irin wanda kika gani kuskure ne, shi ke kama shara, gara a sa wanda ake kwancewa kafin ruwa ya zo. Banɗaki da akwatin wuta da shaguna kuwa a hawan sama suke zama, sama da alamar ambaliya mafi girma da aka taɓa rubutawa, da ƙarin tazara a kai, kuma ƙofarsu ta kalli hanyar da mutane ke bi don mai shagon kusa ya riƙe makullin.